Yaron da ya bugu a kai a fidda shi daga fili, fiya wata ba magani ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya iyali, ya jama'ar sashen wasanni baki ɗaya. Ni mai sauraron shirinku ne na yau da kullum daga nan cikin Katsina, kuma na sha turo saƙo akan wasannin Firimiya da na Katsina United, amma yau wata magana ce daban ta kawo ni, dan Allah ka daure ka karanta ta har ƙarshe ko da ba za ta samu shiga shirin gaba ɗaya ba.

Ɗan yayana ne, shekararshi 13, ɗan baya yake bugawa a wani ƙaramin kulob na unguwa. A gasar da aka yi lokacin dogon hutu an kai wasan kusa da na ƙarshe, aka bugo kwana, ya tashi zai sa kai shi ma ɗan wancan ɓangaren ya tashi, kawunansu suka haɗu, wallahi daga inda nike tsaye bayan raga na ji ƙarar kamar an gwara ƙwarya biyu. Ya faɗi, bai suma ba, ya dai zauna yana riƙe da kai. Nan da nan aka rugo da fiya wata guda biyu aka fasa mashi a ka, koci ya duƙa ya ce za ka iya? Yaro mai shekara 13, abokanshi na kallo, ƴan unguwa na ihu, ga kofi saura wasa ɗaya, me ake so ya ce? Ya ce zan iya. Aka tafa mashi ana cewa namiji, ɗan halak, ya koma ya ƙarasa wasan. Kuma ni kawunshi ina cikin waɗanda suka tafa, abun da har yau in na tuna sai cikina ya juya.

Da muka taso zuwa gida na goyo shi a mashin, ya tambaye ni Kawu nawa-nawa aka tashi, na gaya mashi. Kafin mu kai Ƙofar Marusa ya sake tambaya, da muka iso ƙofar gida ya sake, sau ukku kenan, wasan da shi ya buga da ƙafarshi. Bayan isha'i ya fara amai, uwarshi ta ce zazzaɓin cizon sauro ne tunda damina ce, aka je kemis aka amso magani, wata maƙwabciya kuma ta ce ai a bincika, ƙila ƴan wancan kulob ɗin ne suka yi mashi jifa, aka kawo tofi. Sai wajen ƙarfe biyun dare da yayana ya ga yana tada shi yana komawa, magana ba ta fita daidai, sannan muka kwashe shi sai asibiti. Hoton kai ya nuna ƙashin gefen kanshi ya tsage, kuma jini ya ɗan taru a ciki. Allah ya taƙaita ba a kai ga tiyata ba, amma kwana tara muka yi a gado, kuɗin hoton kaɗai sai da dangi suka yi karo-karo, ya kuma fi wata biyu in ya kalli allo a aji ko ya fita cikin rana kanshi ya dinga sarawa. Likitan da ya duba shi ya tambaye ni abu ɗaya, wa ya maida shi fili bayan ya bugu? Na rasa amsar da zan ba shi, don gaskiya dukanmu ne.

Tun daga nan na dinga tambayar ma'aikatan lafiya ina kuma bibiyar abun, kuma abun da na gane shi ne mu nan mun ɗauka in ba a ga jini ba, ko mutum bai suma ba, to ba komai. Alhali mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke girgiza ba su suma ko kaɗan. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi da ke zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, in aka yi karo sai ta jijjiga ta bugi ƙashi daga ciki, ruwan da ka zuba a waje ba abun da ya haɗa shi da wannan. Kuma ba sai an haɗa kai da kai ba, gwiwar hannu na yi, faɗuwa da ƙeya na yi, turken raga na yi, har bangazar kafaɗa mai ƙarfi da za ta fizge wuya. Abun da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda likitan ya ce, akwai irin zubar jinin da yaro zai tashi garau yana magana yana dariya na wasu awowi, jini na taruwa a hankali, sai dare ya yi ya kwanta barci a kasa tada shi. Sannan wanda ya koma fili da ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba, in ya sake buguwa ko da kaɗan ne, na biyun na iya fin na farko muni nesa ba kusa ba, kuma yara abun ya fi kamawa saboda wuyansu bai yi ƙwari ba, kuma sun fi manya daɗewa kafin su warware.

Duk wanda ke zuwa gidan kallon ƙwallo ai ya ga waɗannan abubuwa da idonshi, sai dai ba mu haɗa su da yaranmu. Hular da Petr Cech ya yi ta sawa har ya bar ƙwallo, daga 2006 ta samo asali, lokacin da gwiwar ɗan wasan Reading ta fasa mashi ƙoƙon kai yana Chelsea. Takunkumin fuskar Osimhen da yara ke kwaikwaya, har wasu na yanka roba su ɗaura, a Nuwamban 2021 ya haɗa kai da Skriniar na Inter ƙasusuwan fuskarshi suka karye sai da aka yi mashi tiyata. Raul Jimenez na Wolves ya haɗu da David Luiz a 2020, nan ma ƙashin kai ya fashe. Amma wanda ya fi kama da na ɗanmu shi ne Christoph Kramer na Jamus a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014 da Ajantina, ya bugu aka bar shi ya ci gaba da wasa kusan kwata ɗin awa, har ya je ya tambayi alƙalin wasa wai shin wannan ne fainal ɗin? Da na ji wannan labarin sai na tuna nawa-nawa aka tashi Kawu. Ga Karius golan Liverpool da duniya ta yi ta zagi bayan fainal ɗin 2018 da Real Madrid, bayan ƴan kwanaki likitoci a Amurka suka duba shi suka ce ƙwaƙwalwarshi ta girgiza a wasan. Su fa waɗannan akwai likitoci a bakin fili da motar asibiti a kunne. Namu yaran me suke da shi? Jakar fiya wata da man zafi.

Kuma ka dubi inda suke bugawa. Ban da filin Muhammadu Dikko da ƴan wasu ƙalilan, sauran duk fako ne, ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar daɓe musamman da hunturu, ga tsakuwa, ga kwalbati a gefen layi, wani wurin katangar makaranta taku biyu ce daga inda ake jifa, wani wurin bulo ake ajewa a matsayin raga, wani kuma ƙarfe ne aka yi walda aka jingine ba a binne shi ba, yara na lilo a jiki. Sannan gasar da aka ce ta ƴan ƙasa da 13 sai ka ga an sako ƙato mai gemu ya aske da safe, shi zai yi tsalle da yaron da bai kai mashi kafaɗa ba. Wannan cin amanar shekarun ba kofi kaɗai yake sacewa ba, kan ɗan wani yake fasawa. Ƙwallon ma ta manya ce, lamba 5, wadda nauyinta a doka giram 410 zuwa 450 ne, a yi mata iska ta yi tauri kamar dutse a ba ɗan shekara takwas, alhali akwai lamba 3 da lamba 4 da aka yi dan ƙanana.

Sai maganar sa kai ita kanta, wato hedin. Na san nan za a yi mani ca, a ce to in an hana hedin ai an kashe ƙwallo. Ni ban ce a hana manya ba. Amma na ga koci da idona ya jera yara ƴan firamare yana ɗaga masu ƙwallo sama suna tara kai, ɗaya bayan ɗaya, sau ashirin sau talatin, wanda ya kauce a ce matsoraci ne a sa shi tsallen kwaɗo. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun bar wannan. Amurka tun 2015 ta hana ƴan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai. Ingila da Sikotilan sun hana shi a tirenin ɗin ƴan firamare a 2020, kuma daga kakar 2024 Ingila ta fara cire shi a wasannin ƙananan yara mataki-mataki. Ba haka kawai suka yi ba, jami'ar Glasgow ta fitar da bincike a 2019 akan tsofaffin ƴan wasan Sikotilan sama da 7,000, aka ga sun ninka sauran mutane kusan sau ukku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa irin su ciwon mantuwa, daga baya aka ga ƴan baya sun fi kowa, gola kuwa da ba ya yawan sa kai kusan daidai yake da kowa. Cikin tawagar Ingila da ta ci kofin duniya a 1966 mutum biyar ne suka kamu da ciwon mantuwa, har da Bobby Charlton da wanshi Jack. Eh na yarda waɗannan ƙwararru ne da suka shekara da shekaru suna yi, ba yaron unguwa ba, amma me ɗan shekara tara zai rasa in an bari sai ya girma kafin a koya mashi? Ya koyi tarewa da ƙirji da ba da fasin tukuna, shi ne ma abun da muka fi rauni a kai.

Ban zo in zagi kocinmu na unguwa ba, Allah ya sani yawancinsu kyauta suke yi, daga aljihunsu suke sayen ƙwallo da riguna, kuma sun raba yara da yawa da zaman banza da shaye-shaye. Ba wanda ya taɓa koya masu ne. Kocin ɗanmu kullum yana asibiti har aka sallame mu, ranar farko kuka ya yi.

To abun da nike roƙo Malam Edita, shirinku na da masu saurare har ƙauyuka, ku ware ko minti biyar ku gayyato likita ya yi bayani da Hausa, ku kuma maimaita shi, ba sau ɗaya ba. A gaya wa mutane in yaro ya bugu a kai aka ga yana layi, ko ya ce jiri, ko gani bibbiyu, ko ya yi shiru yana kallon wuri ɗaya, ko yana maimaita tambaya, to ya gama wasa ranar, kar a tambaye shi ko zai iya, don ba shi zai yanke ba. In ya faɗi bai motsi ko yana kukan wuya kar a ɗaga shi cak ana jijjigawa ana buɗe mashi baki da cokali kamar yadda muka saba. In aka ga amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko barci mai nauyi, ko fizge-fizge, ko jini ko wani ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko hannu ko ƙafa ta saki, asibiti kai tsaye, ba kemis ba, a yi tofin a hanya. Kar a ɗura mashi su diclofenac da asfirin dan suna iya ƙara zubar jini, balle tiramol. Kuma dole wani babba ya raka yaron gida ya gaya wa iyayenshi abun da ya faru, dan da an gaya wa matar yayana tun magariba ba za ta ce sauro ba ne, mu da muka gani ne muka yi shiru. A Birtaniya ƙa'idar da suka fitar a 2023 ta wasannin unguwa ita ce kar wanda abun ya sama ya koma gasa kafin kwana 21, mu nan washegari ake sa shi.

Masu shirya gasa kuma, musamman masu sa kofi da sunansu lokacin siyasa, kuɗin da ake kashewa a fasta da kiɗa da kanofi, a cire kaɗan a ɗauko ma'aikacin lafiya ɗaya ya zauna bakin fili, a aje Keke Napep ɗaya da mai a ciki. Mu ƴan Katsina ba mu manta Chineme Martins na Nasarawa United ba, da ya faɗi a Lafiya a watan Maris na 2020 ana wasa da Katsina United ya rasu, a gasar ƙwararru kenan. Hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta duniya ma tun Yulin 2024 ta amince gasa ta ba da ƙarin canji na musamman in ɗan wasa ya bugu a kai, to me zai hana a rubuta haka a takardar dokar gasar unguwa, a kuma ba rafali ikon ya ce yaron nan ya fita ko koci bai so, ko ƴan kallo za su yi ihu?

Ɗanmu ya samu sauƙi Alhamdulillah, ya koma makaranta, kullum kuma maganarshi yaushe zai koma tirenin, ubanshi ya ce har abada, ni kuma ina ta lallashi dan na san yadda yake son abun. Hutun ƙarshen zango na tafe kuma an riga an fara raba fom ɗin gasa a unguwanni, dan Allah in za a yi shirin a yi shi kafin a fara. In kuna buƙatar wanda zai ba da labari da bakinshi ni zan zo, kocin ma ya ce zai biyo ni.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Mai sauraronku,
daga Ƙofar Marusa, Katsina