Gidan Zamani a Karkara Ba Dole Ya Zama Tanda Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan irin ginin da muke yi yanzu a ƙauyukanmu, musamman mu da Allah ya hore wa ɗan abin hannu.

Shekara huɗu ke nan da na gina ɗakuna uku na bulo da kwano a garinmu, a ƙasar Ringim. Da bazara ta kama, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, sai ɗakunan suka koma tanda. Ko da tsakar dare ka dafa bango za ka ji shi da ɗumi, yara suna ta kuka saboda ƙurajen zafi, dole muka riƙa shimfiɗa tabarma a tsakar gida muna fama da sauro. Amma tsohon soron mahaifina, wanda aka gina da tubali aka rufe da azara tun kafin a haife ni, in ka shiga da azahar sai ka ji kamar ka zauna kusa da randa. Dalili kuwa a fili yake: katangar ƙasa mai kauri a hankali take shan zafin rana, ba ta sakinsa sai dare ya yi, alhali kwanon da ba a yi wa silin ba kai tsaye yake sauke zafin a kan mai ɗaki.

Na san za a ce ginin ƙasa ba ya jure ruwa, kuma duk wanda ya ga ɓarnar ambaliyar 2022 a yankin Haɗejiya da Ringim ba zai raina wannan magana ba. Sai dai galibin gidajen ƙasa daga gindi ruwa yake cin su, domin ba su da harsashin kirki. Idan aka yi harsashin dutse da siminti ya tashi har gwiwa, aka ɗora ginin ƙasa a kai, aka bar bakin rufi ya zarce bango sosai, sannan aka kula da yaɓe, musamman a bangon gabas da ruwan sama ya fi duka, gidan zai ga jikoki. Kakanninmu ma da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, suke yin yaɓen, suna sa indararo don kada ruwa ya kwanta a kan soro.

Wannan ba koma baya ba ne. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, da bulon ƙasa mai ɗan siminti ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga kwanon sama ya bar sarari iska tana ratsawa, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini.

Sauran dabarun ba su da tsada. A fitar da tagogi kudu da arewa suna kallon juna, a kuma dasa darbejiya ta yamma don ta tare ranar la'asar. Gidan da ya yi sanyi da kansa, ƙaramar sola ta ishe shi fitila da fanka da cajin waya, ba sai an nemi janareta ba, ga shi tun cire tallafin fetur a 2023 mai ya fi ƙarfin talaka. Sharaɗi dai a riƙa goge ƙurar hunturu daga kan farantin sola.

Babbar damuwata ita ce magina. A garinmu saura dattijo ɗaya da ya iya ɗaurin guga, wato rufin soro mai lanƙwasa kamar baka, kuma 'ya'yansa duk sun koma buga bulo. Ina roƙon gwamnatocin Jigawa da Kano su kai irin waɗannan dattawa makarantun koyon sana'a su koyar tare da injiniyoyi, sannan a gwada wannan gini a ajujuwan firamare da ƙananan asibitoci, inda kowa zai shiga ya ji bambancin a jikinsa.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa