Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Olayemi Cardoso

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: tsabar kuɗi, da wuyar da take yi wa mutanen karkara.

Dokar 1958 ce ta haifi bankin da kake jagoranta, ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959. Kafin nan, kuɗin da kakanninmu ke karɓa idan sun sayar da gyaɗa da auduga, na Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ne, wadda Turawa suka kafa a 1912 kuma ake juya ta daga Landan. A farkon shekarun 1950 bankunan 'yan ƙasa suka yi ta durƙushewa, ajiyar mutane ta bi ruwa. Ganin haka ne shugabannin lokacin suka dage sai mun samu namu bankin. Bature Roy Fenton ya fara riƙe shi, a 1963 Alhaji Aliyu Mai-Bornu ya gaje shi, wanda har gobe hotonsa na kan takardar naira dubu. A 1973 aka yi sallama da fam da sule, naira da kobo suka shigo.

Na san dokar 2007 ta ɗora maka ayyuka masu nauyi: tsare farashi, kula da asusun ajiyar waje, sa ido kan bankuna, ba gwamnati shawara. Amma mutumin ƙauye ta aiki ɗaya ya san bankinka, wato takardar da ke shiga aljihunsa.

Ka aika wani amintaccenka kasuwar dabbobi ta Maigatari ko ta hatsi ta Dawanau, ya tsaya ya gani. Bafulatani ya sayar da sa, dillali ya sa albarka, mai saye ya ce zai yi taransifa. Bafulatanin ba shi da asusu. Sai a ɗunguma wajen mai POS, a tsaya cikin rana ana jiran sabis, in kuɗin sun faɗo ya zare ladansa mai tsoka kafin ya ƙirga sauran. Mutum na sayen naira da naira a ƙasarsa! Mai ƙosai kuwa tana rasa ciniki don babu canji, 'yan hamsin ɗin da suka rage duk sun yage an liƙe su da salatif. Ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da manoma suka karyar da hatsinsu don su ga tsaba, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Tun daga nan da yawa suka koma ɓoye kuɗi a gida.

Ka umarci manyan bankuna a 2024 su kai jarinsu naira biliyan 500, kuma mataki ne mai kyau. Ina roƙonka ka haɗa musu da sharaɗin buɗe rassa a ƙananan hukumomin da ba su da banki ko ɗaya. Ka sa a buga ƙananan takardu isassu, a kai su har kasuwannin ƙauye. Ka bi sawun sababbin kuɗin da ake rasawa a kantar banki amma a same su daure-daure ana sayarwa a ƙofar gidan biki, a hukunta masu fitar da su. Rubutun ajami da ya rage a kan ɗari biyu da ɗari biyar da dubu kuma a bar shi, don da shi dattawa da yawa ke gane abin da aka miƙa musu.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Jigawa