Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Tsafta ga Mambobin Ƙungiyar Masu Gidajen Abinci

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Babban aikin da kwamitin ya sa a gaba bana shi ne tura baƙin sirri gidajen abincinmu, kamar yadda babban taro ya amince. Kowa ya sani, da an ji duba-gari na tafe sai a share madafa, a sa wa ma'aikata hula, a yi tsaftar da ba ta kwana.

Baƙon kan shiga kamar kowane mai saye, ya biya kuɗinsa, ya ci. Kowane gida ana zuwa sau biyu: da azahar lokacin cinkoso, sai bayan la'asar, sa'ad da miya ta daɗe a tukunya. Ba ya fito da takarda a ciki. Yakan nemi bayi ko wurin wanke hannu don ya gifta ta bakin madafa, in ya fita ya cike fom nan take.

Abin da ya fi maimaituwa shi ne ruwan wanke-wanke. Baho ɗaya tun safe, ruwan ya yi kauri da mai, ana tsoma faranti a goge da tsumma guda. Irin wannan kan yaɗa taifod da kwalara. Mun ba da umarnin baho uku: na sabulu, na ɗauraya, sai na ruwan bilic bisa awon da ke jikin kwalbar, a kife faranti su bushe da kansu. Sai kuma mai zuba abinci da ke karɓar kuɗi ya koma yanka salak da hannun nan. A raba ayyukan biyu, a kuma wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 aƙalla.

Sai dai idon baƙo ba ya kaiwa cikin firiji, kuma nan ne matsalar ta fi ɓuya, musamman in wuta ta ɗauke cikin dare nama ya narke aka sake daskarar da shi. Don haka muka ƙara ziyarar fili da ma'aunin zafi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya muka bi: abin sanyi ƙasa da digiri 5, dafaffe sama da 60, ɗumame ya kai 70, kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Mun duba ɗakunan ajiya saboda kashin ɓera, don ta nan zazzaɓin Lassa ke shigowa.

Kuskurenmu ɗaya, mun riƙa maimaita fuskoki har ma'aikata suka gane su. Baɗi za a sauya baƙi kowane zagaye. Sakamakon kowane gida na hannun mai shi kaɗai, kuma wanda aka samu da gyara a sake komawa bayan mako 4.

Kwamitin Tsafta