A dubi maganar busar da allurar rigakafi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan rigakafin DNA, wato wanda ake haɗawa da sinadarin ƙwayoyin gado, da masu bincike ke ƙoƙarin busarwa ya koma gari don ya jure zafi ko babu firij. Yadda abin yake, ana daskarar da ruwan maganin ne, sai a zuƙe iska a cikin na'ura har ƙanƙarar ta tashi ba tare da ta narke ba, kuma ana zuba sukari irin su trehalose don kar DNA ɗin, mai siffar zobe, ya kakkarye. Ranar allura sai a jiƙa shi kawai.

Mu nan Daura a watan Afrilu zafi na haura digiri 40, ga wuta sai a hankali, ma'aikaciyar rigakafi na kan mashin da kula za ta ƙauye, kafin azahar ƙanƙara ta zama ruwa. To wallahi mu abin ya fi shafa.

Indiya ta amince da rigakafin korona mai suna ZyCoV-D tun 2021, shi ne na DNA na farko ga mutane. Busarwar ma ba baƙon abu ba ne, ai ta ƙyanda da BCG ta tarin fuka busassu suke zuwa, duk da su ma sai da firij. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana busar da na dabbobi, me zai hana jami'o'inmu na Katsina su shiga binciken?

Naku,
Mai karatu daga Daura