Kun katse likita, kun kore mini masu shan shayi

Assalamu alaikum Edita,

Shirinku na lafiya na daren Laraba ya ja mini asara, kuma ba zan haɗiye ba. Likitar da kuka gayyato ta fara bayanin yadda jiki ke kama ƙwayar tarin fuka ya killace ta ke nan, sai mai gabatarwa ya tari numfashinta, wai lokaci ya ƙure. Ya rufe da cewa jama'a su nisanci mai tari da duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi, kada a haɗa kofi da su. Likita ba ta faɗi haka ba. Daga kansa ya ƙago.

Ni mai shayi ne a Agege, shekara 14 a teburi ɗaya. Kowa a layinmu ya san ƙanena ya yi tarin tibi bara, don ban ɓoye ba. Ranar Alhamis da aka fito sallar Asuba, bencin da mutane kan yi rububin zama a kai, mutum biyar kawai suka zauna. Wani dattijo da ya girmi mahaifina, wanda kullum nake zuba wa mai kauri, ya zo da kofinsa daga gida a cikin leda. Wallahi gara ma da bai zo ba.

Tunda kun hana likita, ga abin da malamar asibiti ta koya mini a wata shida da na yi ina raka yaron nan karɓar magani. Ƙwayar a iska take tafiya, daga tarin wanda ciwon ya ci huhunsa. Ba ta bin kofi ko cokali. In ta shiga huhu, akwai fararen ƙwayoyin jini masu sintiri a can, aikinsu haɗiye baƙo. Suna gane ta da alamomin da ke jikin fatarta, su cafke ta. Matsalar ita ce fatar nan kauri gare ta, kamar an shafe ta da kakin zuma, kuma tana hana wanda ya haɗiye ta narkar da ita. Sai ta zauna a cikinsa tana hayayyafa a hankali. Daga nan a kai labari ga kaluluwa, bayan 'yan makonni wasu sojojin da ake kira T su iso, su zaburar da na farko, su taru su kewaye ta da shinge. A haka za ta iya shekaru a tsare, mutum na harkarsa, ba ya tari, ba ya sa wa kowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa shaƙar ƙwayar nan har ta shiga jikinsa, amma a cikinsu 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ciwon kan kayar a tsawon rayuwarsu. To wa za a guje wa? Wanda ya shiga danfo daga Agege zuwa Oshodi, ya san huhun wanda ya matse shi?

Abin da ke rusa shingen shi ne yunwa, ciwon suga, ƙanjamau, taba. Ƙanena dako yake yi a kasuwar Mile 12, sau ɗaya yake cin abinci, karan sigari ba ya barin bakinsa. Ya rame, zufa ta riƙa jiƙa masa tabarma da dare. An gwada kakinsa, aka ɗora shi kan magani kyauta. Har fitsarinsa ya koma kamar an zuba manja, muka firgita, malama ta yi dariya ta ce aikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin ne. Ni da muke kwana tare an duba kakina, an ɗauki hoton ƙirjina, ba a ga komai ba. Shi kuma ya gama wata shidansa cif, ya koma ɗaukar buhun albasa.

Yanzu wanda tari ya kai masa mako biyu a layinmu, kuna ganin zai je gwaji bayan ya ga abin da aka yi mini? Zai danne ne, ya sayi maganin tari a kemis, ya ci gaba da kwana da mutum takwas a shago.

Ku dawo da likitar nan, ku bar mata rabin awarta cikakkiya, mai gabatarwa kuma ya janye maganar kofi da bakinsa.

Sannan filinku na gaishe-gaishe: sau huɗu ina turo saƙon gaida mahaifiyata, ba a taɓa karantawa ba, amma kullum sunayen mutum goman nan ne ake maimaitawa. Ku duba wannan ma.

Naku mai sauraro,
Wani mai shayi, Agege, Legas