Kuɗin Soke Rajista a Gidajen Motsa Jiki: Hattara da Sharaɗin Ƙasan Takarda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da mutane da yawa za su ɗauka damuwar 'yan birni ce, alhali kuwa ya riga ya iso mana nan karkara. Ina nufin rikicin da ke tasowa tsakanin masu gidajen motsa jiki da waɗanda suka yi rajista da su, a lokacin da mutum ya nemi janyewa aka ce sai ya biya kuɗin soke rajista, ko kuma aka riƙe duk abin da ya bayar tun farko.

A da, saurayin da ke son murɗa jikinsa a ƙauyenmu gwangwani biyu yake samu ya cika da siminti, ya soka bututun ƙarfe a tsakaninsu, ya ajiye a gindin darbejiya, kuma babu mai tambayarsa sisi. Yanzu an fara buɗe ɗakunan motsa jiki a garuruwan da ke cin kasuwa mako-mako, da kekuna da na'urar gudu da janareta, kuma masu zuwa ba samari kaɗai ba ne, har da magidanta masu ciwon suga da hawan jini waɗanda likita ya umarta su riƙa motsa jini. Wannan ci gaba ne, kuma ina maraba da shi. Abin da ya dame ni shi ne takardar da ake sa mutane su sa wa hannu kafin su shiga.

Ƙanena manomi ne, kuma ciwon suga ya kama shi shekara uku da suka wuce. Da kaka ta yi, ya sayar da riɗinsa, sai ya tafi wani irin wannan wuri a garin da ke kusa da mu. Aka ce masa biyan wata-wata naira 7,000 ne, amma idan ya yi rajistar shekara zai biya naira 60,000 kacal, rabi yanzu, rabi bayan wata shida. Ya ga rangwame, ya ƙirga naira 30,000 ya bayar, aka miƙo masa fom da Turanci ya sa hannu, ba a ba shi kwafi ba, ba a ba shi rasit ba. Wata biyu yana zuwa sau uku a mako, sai ya faɗi a kan babur a hanyar dawowa daga kasuwa, ƙafarsa ta karye. Ya kwana tara a asibiti, kuma aka gaya masa zai ɗauki watanni kafin ya taka ƙafar yadda ya kamata.

Ni na je wurin mai gidan a madadinsa. Saurayi ne mai ladabi, har ya tashi ya ba ni kujerarsa. Da na gama bayani, sai ya jawo wani fayil daga aljihun tebur, ya zaro fom ɗin, ya ɗora yatsa a kan layi na ƙarshe wanda aka buga da ƙananan haruffa, ya ce, "Baba Malam, ka duba da kanka, ga hannunsa nan. Ba a mayar da kuɗi bayan an biya, kuma wanda zai fita kafin shekara sai ya ba da naira 10,000 na soke rajista, in ba haka ba ragowar dubu talatin ɗin tana nan a kansa." Na ce masa, "Ɗana, shin an karanta masa wannan layin da Hausa ranar da ya sa hannu?" Ya yi shiru, sannan ya ce ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na dawo gida ina lissafi. Wata biyun da ƙanena ya amfana da wurin, ko da an caje shi a farashin wata-wata ba tare da rangwame ba, naira 14,000 ne, saboda haka akwai naira 16,000 tasa a hannun mai gidan. Maimakon a yi maganar abin da za a mayar masa, sai ga shi ana neman ya ƙara dubu goma, wato ya biya naira 40,000 a kan wata biyu, kusan ninki uku na abin da wanda bai ɗaure kansa da komai ba yake biya, kuma duk wannan a kan mutumin da ke kwance da ɗauri a ƙafa. Mai sayen rariya yana ganin ƙofofinta da idonsa kafin ya biya. Ƙanena bai ga nasa ba, domin an rubuta su cikin harshen da ba ya karantawa.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dokar ƙasar nan ta riga ta yi magana a kan wannan, amma maganar ba ta iso ƙauye ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa a 1992. Sashe na 114 ya ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin lafazi mai sauƙi da zai fahimta. Sashe na 118 ya wajabta ba da takardar shaidar ciniki. Sashe na 127 ya hana sharuɗɗan da suka karkata ga ɓangare ɗaya har suka zama zalunci. Sashe na 120 kuwa, wanda shi ne ƙashin bayan wannan magana, ya ba mutum damar soke abin da ya yi odarsa ko ya kama gurbinsa tun gaba, ya kuma yarda mai sana'a ya cire wani abu na soke cinikin, amma da sharaɗin kada ya wuce ƙima. Dokar ta ma faɗi ma'aunin ƙimar: irin hajar ko hidimar, tsawon sanarwar da aka bayar, yiwuwar mai sana'a ya samu wani a gurbin wanda ya janye, da kuma al'adar wannan sana'a. Sannan ta ƙara da cewa ba a cajin kuɗin sokewa idan dalilin shi ne mutuwa ko kwanciya a asibiti. Watannin da mutum ya biya amma bai shiga ba gurbi ne da ya kama tun gaba, kuma keken da ƙanena ya bari ba a kulle shi a ɗaki ana jiransa ba, wani ne ke hawa washegari yana biya.

Kada a ce wannan rubutu ne a takarda kawai. A 2022 wata babbar kotu a Enugu ta yanke hukunci a ƙarar da wani fasinja ya shigar a kan wani kamfanin sufuri da ya ƙi mayar masa da kuɗin mota, inda ta ce tsarin "ba a mayar da kuɗi bayan an biya" ya saɓa wa wannan doka, ta kuma ba fasinjan diyyar naira 500,000. Wannan kalma da muke gani a manne a bangon shaguna da jikin rasit ba ta fi ƙarfin doka ba.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka sun sha fama da ita. A Ingila, a 2011, babbar kotu ta duba yarjejeniyoyin wani kamfani da ke tsara wa ɗaruruwan gidajen motsa jiki takardun rajista da karɓar kuɗi, ta ce ɗaure mutum shekara biyu ko uku ba tare da ƙofar fita ba rashin adalci ne. A Afirka ta Kudu, dokar kare masu saye ta 2008 ta ba mutum damar fita daga yarjejeniya mai wa'adi idan ya ba da sanarwar kwanakin aiki 20, tare da biyan tara daidai ƙima. Sun gano cewa ribar wasu daga cikin waɗannan wurare ba daga masu zuwa take fitowa ba, daga waɗanda suka daina zuwa amma suka kasa fita take fitowa. Ba na son sana'ar ta kafu a ƙasar Hausa a kan wannan tubali.

Ba na cewa alkawari ba kaya ba ne. Allah ya umarci muminai su cika alkawura a ayar farko ta Suratul Ma'ida, kuma wanda ya karɓi rangwamen shekara sannan ya gaji a wata na biyu don ganin dama, bai kamata ya tafi da rangwamen a aljihu ba. Na kuma san halin da mai gidan yake ciki, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin tayar da janareta ya ninka, na'urorin kuma daga waje ake shigo da su, ga kuɗin haya, ga albashin yaran da ke koyarwa. Yana da haƙƙin ya ƙirga watannin da aka yi a cikakken farashi, ya ƙara wani ɗan abu na ɗawainiya. Amma Suratun Nisa'i, aya ta 29, ta hana cin dukiyar juna da ɓarna sai dai ta hanyar ciniki bisa yardar juna, kuma ban ga yadda za a ce mutum ya yarda da sharaɗin da ba a karanta masa ba. Malamanmu na Malikiyya ma ba su halatta a riƙe kafin alƙalami idan ciniki ya fasu ba, ko da yake Imamu Ahmad ya halatta, sannan ga hadisin da Abu Dawuda da Ibnu Maja suka ruwaito, wanda ya yi alkawarin yafiyar Allah ga wanda ya amince ya warware ciniki da Musulmin da ya nemi a warware. Duk ɗan kasuwar da ya taso a garuruwanmu ya ji wannan a majalisin karatu tun kafin a haifi FCCPC.

Akwai kuma wani abu da fom ɗin da aka kwafo daga birni bai sani ba game da mu. Kuɗin manomi da kaka yake zuwa, lokacinsa kuma da rani yake samuwa. Da zarar ruwa ya sauka a watan Yuni, daga shuka sai noman farko sai maimai, babu wanda zai bar gona ya hau babur zuwa wani gari don ya taka keken da ba ya tafiya. Sayar wa irin wannan mutum rajistar wata goma sha biyu, alhali mai sayarwa ya san wata huɗu ko biyar a ciki ba za a gan shi ba, ba tare da ba shi damar dakatar da rajistar da damina ba, shi ma wani nau'in riƙe kuɗin banza ne.

Saboda haka ina kira ga masu waɗannan gidaje su rubuta sharuɗɗansu da Hausa, da boko da ajami in da hali, su karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaida, su ba shi kwafi da rasit, su kuma bayyana tun ranar farko nawa za a cire idan ya janye, da uzurorin da ba a cire komai a kansu, kamar jinya da rasuwa da canjin wurin aiki. Ina kira ga FCCPC da hukumar kare masu saye ta Jihar Kano da mahukuntan Jigawa su fassara waɗannan sassa na doka su kai su gidajen rediyo, domin rediyo ce ke shiga inda jami'insu ba ya zuwa. Su kuma 'yan'uwana masu rajista, kada kunya ta hana su cewa a karanta musu takarda daga sama har ƙasa, kuma wanda zai janye ya rubuta sanarwa mai kwanan wata ya ajiye kwafi, domin da ita zai tsaya gaban hukuma ko kotu idan sulhu ya gagara.

Namu dai sulhu ne ya raba. Mai unguwa da limamin garin suka zaunar da mu a zaure bayan La'asar, na karanta wa saurayin sashe na 120 na fassara masa, liman ya yi nasa bayanin. Ya janye maganar dubu goma da ragowar dubu talatin, amma ya ce ba shi da tsabar kuɗin da zai mayar, sai aka daidaita a kan cewa babban ɗan ƙanena zai ci gaba da zuwa a gurbin mahaifinsa har naira 16,000 ɗin ta ƙare. Da muka tashi na tambaye shi ko zai gyara fom ɗin, ya ce zai duba. Makon jiya na wuce ta wurin, na ga wani magidanci tsaye a bakin teburin da biro a hannu, kuma fom ɗin nan ne dai a gabansa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Malamin makaranta mai ritaya,
daga wani ƙauye a Jihar Jigawa.