Rahoton Ayyukan Shekara: Kayan Aikin Lambu, Taki da Iri

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa membobi maza da mata.

Kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin ayyukan ƙungiya daga faɗuwar damina zuwa ƙarshen noman rani. Mafi yawan ƙoƙarinmu ya tafi ne kan buƙatar da kuka fi nanatawa a babban taron bara, wato yadda mai ƙaramin ƙarfi zai riƙe lambun bayan gida babu takin zamani, babu maganin feshi na kanti, kuma ba tare da ya ci bashi ba, musamman ganin yadda kuɗin mota da farashin kaya suka yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Matakin farko shi ne raba kayan aiki gida biyu. Fartanya, adda da butar ban ruwa kowa ya mallaki nasa, domin kullum ana buƙatarsu. Baro, diga, shebur, manjagara da tankin feshi na goyo kuwa ƙungiya ce ta saya daga kuɗin wata-wata, aka ajiye su wurin ma'aji tare da littafin aro, tunda mai ɗan fili a Unguwar Rimi ko Kawo, a nan cikin garin Kaduna, ba ya buƙatar diga sai ranar da zai fasa ƙasa ko haƙa rami. Fartanyu mun ba maƙera aikinsu, kuma waɗanda aka ƙera da tsohon sifirin mota har yanzu bakinsu bai dakushe ba, ƙota kawai ake sauyawa. Butocin ban ruwa da waldar baro a Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere da walda, aka yi mana su. Shebur masu sheƙi da aka ɗauko a kanti saboda araha kuwa sun lanƙwashe da suka gamu da jar ƙasa mai marmara, don haka kwamiti ya yanke shawarar daina sayen irinsu.

Inda muka fi ganin amfani shi ne wajen haɗa taki. An yi taron koyarwa a gidajen membobi, inda aka nuna yadda ake jera busasshen ganye ko kara da aka sassara, sannan ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya, sannan kashin shanu ko na kaji, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa har ya yi laima amma kada ya jiƙe sharkaf, a rufe da tsohon buhu. Ana juya shi duk bayan mako biyu, kuma cikin wata biyu zuwa uku yakan nuna. Alamar da muka koya wa kowa ita ce a soka sanda a tsakiyar tulin: idan ta fito da ɗumi aiki na tafiya, idan kuma tulin ya yi baƙi, ya huce, warinsa ya koma na ƙasa, to ya isa a zuba. Wasu membobi sun yi gaggawar zuba ɗanyen kashin kaji a gindin alayyafo, ya ƙone shukar, saboda haka muna ƙara jan kunne a kan hakan. Kashin shanu daga Zangon Tudun Wada muka riƙa ɗaukowa, kuma a ganin kwamiti haɗa kai a yi lodi ɗaya a raba shi ne ya sa abin ya yiwu, domin kuɗin dako ya fi na takin nauyi.

Masu zaman haya da ba su da fili sun shuka kuɓewa, tattasai, yakuwa da latas a buhuna da tsofaffin bokitan fenti da aka huda gindinsu. A lokacin hunturu rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ya rage musu yawan ban ruwa.

Game da ƙwari, mun dogara ga 'ya'yan darbejiya. Ana ɓare su a daka, a jiƙa kimanin giram 50 a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ƙara ɗan sabulu, a fesa da yamma. Ya yi aiki a kan ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye, amma bai gama da tsutsar tumatir ta Tuta absoluta ba, wadda ɓarnarta ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016. Waɗanda suka tsira da wani abu su ne masu cire ganyen da ya kamu su ƙone, da masu sauya wurin shuka.

An kuma fara musayar irin kuɓewa, alayyafo, rama da zogale tsakanin membobi. Muna tunatarwa cewa iri mai aure na cikin leda, wato wanda aka samar ta hanyar haɗa iri biyu, ba ya maimaita kyansa idan aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa. A shekara mai zuwa kwamiti zai nemi shawarar masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, kan irin tumatir da ya dace da mu.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a babban taro. Kafin ranar, ana roƙon duk wanda kayan aro ke hannunsa ya wanke su ya mayar, kuma masu bashin kuɗin wata su biya, domin muna son ƙara baro da rariyar tace taki kafin ruwan farko ya sauka.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.